Inshorar Lafiya Bayan Ritayar Wuri: Abin Da Ke Bin Ma'aikaci Da Abin Da Yake Bari A Baya

YOLA — Daga cikin magidantan da ake gani suna gyara gidajen gado ko suna ƙarasa ginin da suka daɗe da farawa a unguwannin Mbamoi, Makama da Toungo a cikin garin Yola, da kuma wasu unguwannin Jimeta, akwai ma'aikatan da suka ajiye aiki a Abuja, Legas, Kaduna ko Fatakwal suka dawo gida alhali ba su kai shekara 60 da haihuwa ba. Akasarinsu kan dawo da lissafin fansho da na jarin noma ko kiwo a shirye. Lissafin da ba kasafai ake yi ba shi ne na asibiti, wato wanda zai biya kuɗin magani daga ranar da albashi ya tsaya, da kuma asibitin da zai karɓi katin inshorar da aka yanka a wani gari.

Wannan bayani ya duba yadda tsarin yake aiki, da dalilin da ya sa katin ba ya bin mai shi duk inda ya je, da hanyoyin da suka rage ga wanda ya yi ritaya da wuri.

Su Wane Ne Ke Ritayar Wuri

Ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya ita ce ma'aikaci ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Ke nan wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 19 zai tafi gida yana da 54, ba don ya zaɓa ba. Malaman makaranta sun samu ƙari bisa dokar 2022 wadda ta kai nasu wa'adin shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, amma akasarin sauran ma'aikata suna nan kan tsohuwar ƙa'ida. Haka kuma ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya da aka sabunta a 2023 sun dawo da wa'adin shekara takwas ga daraktoci, abin da kan sa wasu su tafi kafin lokacinsu.

A ɓangaren kamfanoni kuwa, an ga yadda haɗewar bankuna ta 2005, wadda ta rage yawansu daga 89 zuwa 25, da kuma miƙa kamfanonin wutar lantarki ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, suka sallami ma'aikata masu yawa da ke tsakiyar ƙarfinsu. Akwai kuma masu ajiye aiki don rashin lafiya, ko don kula da iyaye, ko don shiga kasuwanci da siyasa.

Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne shekarunsu. Tsakanin 50 da 60 ne hawan jini, ciwon sukari, ciwon ido da ciwon gaɓoɓi kan yawaita, kuma akasarinsu cututtuka ne da ke bukatar magani kowane wata har ƙarshen rayuwa. A daidai lokacin da bukatar asibiti ke ƙaruwa ne kuɗin shiga ke raguwa.

Yadda Aka Gina Tsarin

Idan ba a manta ba, tun a 1962 Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Moses Majekodunmi, ya gabatar da batun inshorar lafiya a gaban majalisa, amma bai samu shiga ba. Sai a 1999 aka kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, da doka mai lamba 35, sannan Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi a watan Yuni na 2005, aka fara da ma'aikatan gwamnatin tarayya.

Ƙa'idar farko ta tanadi a tara kashi 15 cikin 100 na tushen albashi, kashi 10 daga mai ba da aiki, kashi 5 daga ma'aikaci. Wannan gudummawa ta ƙunshi ma'aikacin, da mata ko miji ɗaya, da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Marar lafiya yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magungunan da aka rubuta masa, asusun ya ɗauki sauran.

A nan matsalar mai ritaya ta samo asali. An ɗaure inshorar ne da takardar albashi. Ranar da sunan ma'aikaci ya fita daga jerin masu karɓar albashi, gudummawar ta tsaya, kuma ba da jimawa ba sunansa da na iyalinsa kan fita daga rajistar da ake aika wa asibiti. Shekarun da ya yi ana biya masa ba ajiya ba ce da zai ci gaba da ci daga baya. Tsarin taimakekeniya ne: kuɗin da masu lafiya suka zuba a wannan wata shi ake kashewa kan marasa lafiyar wannan wata. Wanda ya shekara 15 a cikin shirin bai taɓa kwanciya asibiti ba, ba ya bin asusun bashin ko sisin kwabo.

Rundunar sojoji ta bi wata hanya dabam, domin kamfanin kula da lafiyarta, Defence Health Maintenance Limited, yana ɗaukar tsofaffin sojoji da suka yi ritaya. Wannan ya nuna cewa ana iya ci gaba da ɗaukar mai ritaya matuƙar an samu wanda zai biya gudummawarsa.

A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka da ta maye gurbin ta 1999, ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya ga duk mazauna ƙasar. Dokar ta dogara ƙwarai kan hukumomin jihohi, kowace jiha da nata asusu. A Adamawa wannan aiki yana hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, wadda aka fi sani da ASCHMA.

Me Ya Sa Kati Ba Ya Tafiya Da Mai Shi

Mutane da yawa sun ɗauka katin inshora kamar katin banki yake, duk na'urar da aka saka shi za ta biya. Ba haka abin yake ba, kuma dalilin yana cikin yadda kuɗin ke gudana.

Duk wanda ya shiga shirin yakan zaɓi asibiti ɗaya a matsayin asibitinsa na matakin farko. Kowane wata ana aika wa wannan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ke cikin rajistarsa, ko ya zo ko bai zo ba. Daga 2012 aka shafe fiye da shekara goma wannan kuɗi yana tsaye a kan Naira 750 ga mutum ɗaya a wata, kafin a ƙara shi. Da wannan kuɗi asibitin ke duba masu zazzaɓi, gudawa, hawan jini da sauran cututtukan yau da kullum.

A ɗauki misali da ma'aikacin da asibitinsa ke unguwar Garki a Abuja, sai ya tare a Mbamoi. Ko da inshorarsa tana raye, kuɗinsa na wata-wata Garki yake zuwa. Asibitin da ya je a Yola ba shi da sunansa a rajista, bai kuma karɓi komai a kansa ba, don haka zai ɗauke shi kamar kowane mai biya daga aljihu. Maganin wannan shi ne a nemi canjin asibiti a rubuce ta ofishin hukumar ko ta kamfanin da ke kula da inshorar, waɗanda ake kira HMO. Ƙa'idojin hukumar sun ba da damar canza asibiti bayan wata shida da zaɓensa, kuma canjin ba ya aiki nan take sai sunan ya bayyana a sabuwar rajista.

Mataki na biyu shi ne na ƙwararru. Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin farko, likita kan rubuta takardar turawa, kamfanin HMO ya ba da lambar izini, sannan babban asibiti ya yi aikin ya aika da lissafinsa. A Yola manyan wuraren da ake turawa su ne Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta da kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Wasu cututtukan, musamman na daji da na ƙoda, kan kai marar lafiya Gombe, Maiduguri, Kano, Zariya ko Abuja. Wanda ya tashi da kansa ya tafi ba tare da takardar turawa da lambar izini ba, sau da yawa shi zai biya. Kuɗin mota, masauki da abincin mai jinya kuwa ba sa cikin inshora ko ta wace hanya aka bi.

A shirye-shiryen jihohi iyakar ta fi matsewa. Asusun jiha kuɗin ma'aikata da mazauna wannan jiha ne, kuma yarjejeniyarsa da asibitocin da ya tantance ne. Saboda haka malamin da ya yi ritaya a Adamawa ya koma wurin ɗansa a Kano, ko ma'aikacin da ya ƙare aiki a Jimeta ya koma garinsu a Binuwai ko Anambra, wajibi ne ya tambaya a rubuce ko katinsa na da amfani a wajen jihar, kuma a kan wane sharaɗi.

Larurar Gaggawa

Akwai sassauci ɗaya. Idan larurar gaggawa ta samu mai inshora a kan hanya, ƙa'ida ta ba shi damar zuwa asibiti mafi kusa da hukumar ta tantance, a kuma sanar da kamfanin HMO ba tare da ɓata lokaci ba. Bugu da ƙari, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai larurar gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar Naira dubu 100 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Sai dai ya kamata a fahimta cewa dokar ta hana kora ne, ba ta yafe kuɗin aikin ba. Haka nan karɓar maganin hawan jini na wata-wata ba ya cikin abin da ake kira gaggawa.

Idan Aka Ƙetare Iyaka

Ga mazauna Yola, ƙasar waje ba ta da nisa. Garwa a Kamaru tana kan kogin Binuwai ɗaya da Jimeta, kuma zumunci, aure da cinikin shanu sun haɗa ɓangarorin biyu tun zamanin Modibbo Adama. Mai ritaya da ya shiga fatauci yana iya yin rabin shekara a can. Amma inshorar Nijeriya, ta tarayya ko ta jiha, tana biyan asibitocin da aka tantance a cikin ƙasar ne kawai. Kamaru kuma ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka yarjejeniyoyin ƙungiyar kan walwalar ma'aikata ba su shafe ta ba. Duk wanda ciwo ya kama a Garwa ko Ngaundare, da sefa zai biya daga aljihunsa.

Masu zuwa Umra suna da ɗan sauƙi, domin Saudiyya ta haɗa inshorar lafiya a cikin kuɗin biza, amma wannan na larurar da ta taso ne a lokacin ziyara, ba na tsohon ciwon da aka tafi neman maganinsa ba. Ƙasashen Turai na yankin Shengen ma ba sa ba da biza sai da inshorar tafiya da ta kai Yuro dubu 30. Ita ma wannan ta haɗari da ciwon ba-zata ce. Tafiya Masar ko Indiya don aikin tiyata ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma tun bayan da aka saki farashin Naira a watan Yuni na 2023 irin wannan tafiya ta fi ƙarfin akasarin 'yan fansho.

Fansho Da Kuɗin Magani

Dokar Fansho ta 2014 ta tanadi a riƙa zuba kashi 18 cikin 100 na albashi a asusun ajiyar ma'aikaci, kashi 10 daga mai ba da aiki, kashi 8 daga ma'aikaci. Ba a fara cin wannan ajiya sai bayan ritaya da kuma cika shekara 50. Wanda ya bar aiki kafin ya kai 50 kuma ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 ba, sauran ya jira. Dokar ba ta ware wani kaso na inshorar lafiya a cikin wannan ajiya ba.

Ma'anar wannan ita ce duk kuɗin magani daga fanshon wata zai fito, ko daga dunƙulen kuɗin da aka karɓa ranar sallama. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Farashin magunguna ya tashi sosai bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar Naira a 2023, shekarar da kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a ƙasar, kuma hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Fansho ba ya tashi da irin wannan sauri. Kwanciya ɗaya a asibiti tana iya cinye jarin da aka ware don gona, har ta kai ga sayar da fili ko shanu.

Hanyoyin Da Suka Rage

Hanya ta farko ita ce shirin GIFSHIP da hukumar tarayya ta ƙaddamar a 2020 domin ɗaiɗaikun mutane, iyalai da ƙungiyoyin da ba sa cikin jerin masu albashi, kuma an ambaci 'yan fansho a cikin waɗanda aka yi shi dominsu. A lokacin ƙaddamarwa kuɗin ya kama Naira dubu 15 ga kowane mutum a shekara idan an shiga a ƙungiyance, an kuma ƙara shi daga baya. Amfaninsa shi ne ana iya zaɓar asibitin da aka tantance a garin da mutum zai zauna, kuma 'ya'ya da ke aiki a wani gari ko a ƙasar waje suna iya biya wa iyayensu.

Hanya ta biyu ita ce shirin jiha. Ga wanda ya tabbatar zamansa a Adamawa zai kasance, yin rajista da hukumar jihar a matsayin mai biya wa kansa ya fi kusa, kuma cibiyoyin lafiya na matakin farko da ke unguwanni suna cikin tsarin.

Hanya ta uku ita ce inshorar kamfanoni masu zaman kansu. Wasunsu suna da jerin asibitoci a jihohi da dama, abin da ya dace da mai yawan tafiya. Amma kuɗinsu yana hawa da shekarun mai saye, kuma galibi sukan jinkirta ko su keɓe biyan ciwon da mutum ya shigo da shi. Masu ƙyamar inshorar gargajiya saboda dalilan addini suna iya bincikar kamfanonin takaful, waɗanda Hukumar Inshora ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idojinsu a 2013.

Akwai kuma Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko da dokar 2014 ta kafa da aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da asusun marasa galihu na dokar 2022. Waɗannan an yi su ne domin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi, naƙasassu da matalauta. Ɗan shekara 53 mai karɓar fansho da wuya ya shiga wannan rukuni.

Ko wace hanya aka bi, akwai iyaka ga abin da ake biya. Ƙa'idojin shirin tarayya na 2012, alal misali, sun taƙaita wankin ƙoda zuwa sau shida, sun kuma raba kuɗin manyan hotunan asibiti gida biyu tsakanin asusu da marar lafiya. Ya kamata a nemi jerin abubuwan da ake biya na yanzu a karanta kafin a ba da kuɗi.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A Amurka shirin Medicare na tsofaffi ba ya farawa ga akasarin mutane sai a shekara 65, kuma galibi ba ya biyan jinyar da aka yi a wajen ƙasar. Wata doka da aka sa wa hannu a 1986 ta bai wa wanda ya bar aiki damar ci gaba da inshorar wurin aikinsa har wata 18, amma shi zai biya kuɗin gaba ɗaya. Tarayyar Turai ta ɓullo da katin lafiya na bai-ɗaya a 2004 domin mazauna ƙasashenta su samu kulawa idan sun ziyarci juna.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Gana. Ta fara shirinta a 2003 da asusun gundumomi dabam-dabam, ta kuma ci karo da irin wannan matsala ta rarrabuwa, sai dokar 2012 ta haɗe su wuri guda a ƙarƙashin shiri ɗaya na ƙasa. An kuma ɗauke wa 'yan fanshon hukumar SSNIT da waɗanda suka kai shekara 70 biyan kuɗin shekara. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne akasarin kuɗin shirin daga harajin kayayyaki yake fitowa, ba daga albashi ba, don haka barin aiki ba ya yanke shi.

Abin Yi Kafin A Ajiye Aiki

Mai shirin ritaya zai taimaki kansa idan ya fara da sanin ainihin ranar da inshorar wurin aikinsa za ta tsaya, a rubuce daga ofishin ma'aikata. Sai ya yi rajistar sabon shiri tun da sauran watanni, domin akwai lokacin jira tsakanin biyan kuɗi da fara amfana. Ya zaɓi asibiti a garin da zai fi zama, ba inda ya saba ba. Ya karɓi taƙaitaccen bayanin jinyarsa da sunayen magungunansa daga tsohon likitansa, saboda fayil ba ya bin marar lafiya daga wannan asibiti zuwa wancan. Ya ƙidaya mutanen gidansa da kyau, tun da mata ta biyu, 'ya'yan da suka haura huɗu, waɗanda suka wuce shekara 18 da kuma iyaye duk sai an biya musu dabam. Daga ƙarshe ya ware wani abu daga kuɗin sallama domin abubuwan da inshora ba ta ɗauka, musamman kuɗin tafiya zuwa asibitocin nesa.

Ƙungiyoyin 'yan fansho da na unguwa suna da rawar takawa, domin shiga a ƙungiyance ya fi araha, kuma kamfani ya fi sauraron koken mutum ɗari a kan na mutum ɗaya. A ɓangaren hukuma kuwa, abubuwa biyu ne za su rufe wannan giɓi: a samu hanyar cire gudummawar lafiya daga fansho ko a tara ta tun ana aiki, sannan asusun jihohi su ƙulla yarjejeniyar biyan juna ta yadda katin Adamawa zai yi aiki a Kano, na Kano ya yi aiki a Yola. Kafin a kai ga haka, nauyin bincike da shiri yana kan ma'aikacin da iyalinsa, kuma lokacin yinsa shi ne tun albashi bai tsaya ba.